Fuskar Yaya a Fostar Tari

Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa, lokacin da Mai Burushi ya jefa ashana a aljihu ya ce wa matarsa zai je ya sayo maganin ciwon gwiwa. Matar ta dube shi, ta dubi gwiwar da tun safe take hawa tsani tana sauka ba ko ƙorafi, ta ce ya gaishe mata da mai maganin. Zaman aure ya koya mata cewa idan tsoho ya yi ƙarya da gwiwa, a bar shi ya tafi da ƙafarsa.

Asibiti ya nufa. Ba sabon ginin mai gilasai ba, tsohon da ke can baya, wanda aka mayar sito.

Bari in gaya muku ko wane ne shi, don kada ku ɗauka ɓarawo ne, ko da yake a wannan yammacin bambancin bai fi kaurin takarda ba. A zamanin ƙuruciyarsa shi ne mai zanen ofishin lafiya. Duk fostar da ta taɓa tsorata kakanninku daga hannunsa ta fito: sauro mai girman akuya, ƙuda zaune a bakin kwano yana wanke hannu kamar wanda aka gayyata, ƙafar da kurkunu ke fitowa daga cikinta, uwa tana miƙa dantsen jariri a yi masa rigakafi. Ya iya launi, ya iya inuwa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya ƙago fuska. Nuna masa mutum, ya ɗauke shi tsaf har da ƙurjin gefen hanci. Ce masa ya zana daga kansa, sai ya fito maka da kabewa mai idanu. Saboda haka aron fuska yake yi. Matar da ta bar randa a buɗe a fostar sauro, matar mai gidan hayarsu ce. Mutumin da bai wanke hannu ba, wani direba ne da ya taɓa watsa masa ruwan kwata. Mutane su gani su yi dariya, a wuce.

Sai aka ba shi aikin fostar tarin fuka. Mutum biyu ake so: na hagu ramamme yana tari yana tofar da kaki a ƙasa, na dama lafiyayye ya rufe baki da hankici. Kwana uku aka ba shi.

Yayansa mai aski ne, dogo, siriri tun haihuwa, irin mutanen da ko sun cinye sa guda ba ya nunawa a jikinsu. Mai Burushi ya shiga shagonsa da rana tsaka, babu kowa a kujera, ya ce zai zana shi. Yaya ya ɗauka hoton da za a rataya a shago ne. Har ya sake riga. Ya zauna a kujerar askinsa ya miƙe wuya, yana ta murmushi, ƙanen yana cewa, “Kada ka motsa, Yaya.” A gida ne ya zurma kumatun, ya zagaye idanun da baƙi, ya ɗiga ja a gefen leɓe. Tabon da ke saman girar hagu kuwa ya bar shi yadda yake, don ya yi kyau ƙwarai, ya ji ba zai iya goge shi ba. Da aka zo kan lafiyayyen mutum na dama, bai wahalar da kowa ba. Ya ɗauko madubi. Ya ƙara wa kansa kumatu, ya daidaita haƙoran da Allah bai daidaita ba.

Aka buga dubbai. Aka manna a tasha, a kasuwa, a ƙofar makaranta, har a bangon da ke kallon shagon askin. A ƙarƙashin na hagu an rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA ZAMA KAMAR WANNAN.

To, wa zai miƙa fuskarsa ga mai askin da hukuma ta ce yana tari? Mai aski a kan hancinka yake numfashi. Cikin wata biyu kujerar ta yi ƙura. Yaya bai taɓa tari ba, ko mura ba ta cika kama shi ba, amma wa zai yi gardama da takardar da ke da tambarin ofis? Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Sau ɗaya kawai ya tsaya gaban fostar tare da ƙanensa, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Ka iya hanci.” Ya rufe shago ya koma fasa dutse a bayan gari. A can ƙurar dutse ta ba shi tarin gaske, shekara uku ta kai shi kabari, mutane suka ce ashe fosta ba ta yi ƙarya ba.

Ya bar 'ya ɗaya mai shekara huɗu, uwarta kuma ta riga shi tafiya. Mai Burushi ya ɗauke ta ya rene ta, ya kai ta makaranta har ta zama nas, kowa yana sa masa albarka, yana amsawa da amin. Yarinyar ba ta da hoton ubanta ko ɗaya. Duk lokacin da ta roƙi Baffa ya zana mata shi, sai ya ce ido ya yi rauni, fuskar ta ɓace masa.

Yanzu ita ce babbar nas a asibitin. A makon nan aka buɗe tsohon sito, ta ga ɗaurin fostoci da sa hannun Baffanta a ƙasa, ta zo gida tana rawar jiki. Za a jera su a barandar asibiti mutane su ga yadda aka yaƙi cuta a da. Ta buɗe ɗauri biyu, saura gobe da safe, kuma shi ne babban baƙo. An ce mata har da na tari.

Abin da ya sa gwiwa ta yi ciwo ke nan.

Mai gadin tsohon gini ya san shi. Ya ji bayanin cewa Nas ce ta aiko shi duba wani abu, ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma bai damu ba. Ya miƙa masa mabuɗi daga nesa. Ya ce shi dai idan rana ta faɗi ba ya wuce bishiyar nan, don ɗakin yana da masu shi, kuma ba su cika son baƙon magariba ba. Mai Burushi ya yi dariya ya ce takardu ne kawai a ciki, kuma shi ya haife su.

“To ai shi ke nan,” in ji mai gadi. “Ka gaishe da 'ya'yan.”

Baranda doguwa ce. Takalminsa yana ƙara a siminti, ƙarar tana dawo masa daga can ƙarshe, a makare kaɗan. Ya wuce gadajen ƙarfe da aka jingine, da keken marasa lafiya mai ƙafa uku. Kwaɗon ya buɗe da sauƙi, kamar an shafa masa mai.

Warin tsohuwar takarda ya tare shi, da kashin jemage, da wani tsohon warin magani da ya kama bango ya ƙi saki. Taga ɗaya ce, can sama, ta rage ɗan haske ja. Nas ta riga ta jingina wasu fostocin a jikin bango. Ga sauronsa. Ga matar mai gidan haya da randarta. Ga direba. Duk sun mutu tuntuni, duk suna kallonsa. Shi ya koya wa idanunsu bin mutum duk inda ya tsaya, a lokacin yana alfahari da wannan dabara.

Ya sami ɗaurin a ƙasan kanta, an rubuta TARI a bayansa da rubutun hannunsa. Dabararsa mai sauƙi ce: ya fitar da su bayan gini, ƙyasta ɗaya, gobe a ce gara ta cinye. Ya tsinke igiyar. Ya ce ba zai duba ba.

Ya duba.

Ga shi nan a dama, saurayi mai kumatu, da hankicinsa fari. Ga rubutun. Ga bencin da ke hagu, ga kakin a ƙasa da ɗigon ja a ciki.

Babu kowa a kan bencin.

Ya ɗaga ta biyu. Benci kawai. Ta uku. Ta goma. Takardar ba ta huje ba, ba a kankare ba. Wurin dai fari fat, daidai siffar mutum a zaune, kamar ya tashi ya ɗan zaga.

Ya ce wa kansa fenti ne ya koɗe. Shi da ya haɗa fentin ya san ƙarya yake.

Ya ƙyasta ashana. Ta kama. Wani ya hure ta daga bayan kafaɗarsa.

Ya ƙyasta ta biyu. Aka sake hurewa, a hankali, ba fushi.

Sai tari. Ƙasa-ƙasa, busasshe, kamar ana yaga kwali.

Warin jemage ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, wanda rabonsa da shi shekara talatin da biyar: sabulun aski, da man da Yaya ke shafa wa mutane a ƙeya.

Shau. Shau. Shau.

Aska ce ake wasawa a jikin fata.

Gwiwar da ya yi wa ƙarya ta ga dama ta rama. Hannu ya sauka a kafaɗarsa, marar nauyi, ya juya shi, ya zaunar da shi a wata tsohuwar kujerar cire haƙori. Aka yafa masa wani abu a ƙirji aka ɗaure a wuya. Ba ƙyalle ba ne. Yana ƙara idan ya yi numfashi.

A gabansa akwai kabad ɗin magani mai ƙofar gilashi. A cikin gilashin ya ga kansa. Ya ga wanda ke tsaye a bayansa.

Ya gane launin kafin ya gane fuskar. Rawayan nan da ya haɗa da ɗan kore don fata ta yi kama da ta mai jinya. Baƙin da ya zagaye idanu. Ga sawun burushinsa a kumatu, inda hannunsa ya ɗan karkace. Ga tabon gira.

Abin ya juya zai ɗauko sabulu. Da ya ba da gefe, sai ya ɓace, saura layi ɗaya siriri. Ya juyo, ya sake bayyana.

“Kada ka motsa, ƙanena.”

Kumfa mai sanyi ta sauka a kansa. Hularsa tana ƙasa, bai san lokacin da aka cire ta ba. Aska ta fara daga goshi, ta gefen hagu. Ƙar. Ƙar. Hannun gwani ne, ko yanzu.

“Ka ga shagon ba kowa,” aka raɗa masa a kunne. “Kai ne na farko.”

Ya so ya yi addu'a. Duk abin da ya haddace ya gudu ya bar shi.

Tari ya taso wa mai askin. Askar ta yi rawa a saman kunne, ta tsaya.

“Wannan tarin ba nawa ba ne. Ka san mai shi?”

“Yaya…”

“Kada ka motsa.”

Ƙar. Ƙar. Gashi fari yana zuba a kan takardar da ke ƙirjinsa.

“Yarinyar ta girma?”

“Ta girma.”

“Ta san fuskata?”

Askar ta gangaro ta bayan kunne, ta bi muƙamuƙi, ta zauna a maƙogwaro. Sanyinta ya shiga har ƙashi.

“Ba ta sani ba,” ya ce.

“Ka zo ka nuna mata ne?”

Kwalin ashana yana hannunsa. Ya ji ya yi nauyi kamar dutse. Ya sake shi ya faɗi.

Hasken taga ya kusa ƙarewa.

Sai askar ta tashi daga wuya. Ba ta koma kan gashi ba. Ta hau gefen goshi, ta fara bin da'irar fuskarsa a hankali, ba ta yanka, tana dai shatawa, yadda shi kansa yake shata fuska da fensir kafin ya sa launi. Goshi. Kunci. Haɓa.

“Aro zan yi,” in ji muryar. “Kai ma ba ka tambaya ba.”

Ya ji fatar fuskarsa tana ɗagowa daga gefe, kamar fostar da ruwa ya jiƙa.

Tarin ya sake tasowa, babba wannan karon, wanda shi ya zana da hannunsa, mai lanƙwasa mutum biyu. Abin ya naɗe kamar takarda a iska. Askar ta kauce.

Mai Burushi ya wuntsila daga kujera. Ya yage abin da ke wuyansa. Ya ture kanta, ɗaurin takardu suka zubo. Ya bangaje ƙofa. A baranda bai waiwaya ba, amma yana jin shaf, shaf, shaf a bayansa, ƙarar takarda tana jan siminti. Ya ci karo da keken nan mai ƙafa uku, ya tashi, ya bar takalmi ɗaya. Bai san yana da sauran gudu irin wannan ba. A gindin bishiya ya faɗa kan mai gadi, suka zube tare.

Mai gadi ya haska shi da tocila. Ya daɗe yana kallo. Rabin kan a aske yake tas, yana ƙyalli, har an shafa mai.

Mai gadin ya ce aikin dai ya yi kyau, saura ɗaya gefen, ko zai koma a ƙarasa?

A gida matarsa ta ga kan, ta ga ƙafa ɗaya ba takalmi, ta tambayi yadda gwiwa take. Ya ce da sauƙi.

Da safe ya so ya kwanta ciwo, amma Nas ta aiko mota. Ya danna hula har gira. Barandar sabon gini cike take da likitoci da ɗalibai da tsofaffin da aka gayyato. An jera fostoci, ana ta dariyar sauro. A can ƙarshe ya hango 'yar wansa tsaye gaban guda ɗaya, ba ta motsi. Ya tafi wurinta kamar mai zuwa karɓar hukunci.

Bencin ba fanko ba ne yanzu. Akwai mai tari a kai, ramamme, idanu a zurme, ja a gefen leɓe. Haƙoransa a karkace suke, yadda Allah ya yi su. Fuskar Mai Burushi ce.

A dama kuwa, dogon mutum ne siriri cikin sabuwar riga, ya miƙe wuya, hankici a hannu, yana murmushin wanda ƙanensa zai zana shi a rataya a shago. Da tabo a saman girar hagu.

Nas ta juyo, idanunta sun cika. Goshinta ne sak a fuskar mutumin na dama, da hancinta. Ba ta buƙaci a gaya mata ba.

“Baffa, ashe ka zana shi. Ka ba shi lafiya, ka ɗora wa kanka cutar.”

Wani likita ya ji, ya maimaita wa na kusa da shi, magana ta zaga. Aka fara tafi. Tsofaffin da suka san fostar a da suka matso, suka sosa ƙeya, suka ce lallai tsufa ba shi da kirki, su da sun rantse ba haka take ba. Babu mai ƙaryata takarda. Shi ya fi kowa sanin wannan.

Ga ƙarya an dafa an zuba masa a kwano, ko cokali ba sai ya nema ba. Shiru kawai zai yi ya mutu da suna mai kyau. Kuma in gaya muku gaskiya, ya yi shirun, na kusan minti guda. Har ya fara gyaɗa kai.

Sai wani abu ya yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro, daidai inda aska ta zauna. Ya yi tari. Busasshe, kamar ana yaga kwali.

Ya cire hular.

“'Yata, ba haka na zana ta ba.”

Ya faɗa mata duka, a tsaye, a gaban masu tafin: sabuwar rigar, da madubin, da kujerar da ta yi ƙura, da dutsen, da ashanar jiya. Ya ce ubanta bai taɓa tari ba sai da aka zana masa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, irin sauraron da take yi wa marar lafiyan da ya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa. Da ya gama, ta cire fostar daga bango, ta naɗe ta, ta wuce ofishinta ta rufe ƙofa.

Wata bakwai ba ta taka gidansa ba.

Gashin gefen hagu bai sake fitowa ba. Tarin ma bai tafi ba. An ɗauki hoton ƙirjinsa sau uku, an auna kaki, likitoci suka ce huhunsa ya fi na wasunsu. Amma akwai sauran kwafi arba'in da tara a ɗaurin, an rataya ɗaya a baranda, kuma mutane suna da ido. Idan ya zauna a benci, sai benci ya yi faɗi. Mai shayi ya ware masa kofi. Masu aski kuwa, da sun hango shi sai wuta ta ɗauke a shagonsu kaɗai.

Mai gadi yana cewa ba mamacin ba ne, matattu suna da abin da ya dame su. A ganinsa ɗaya daga masu ɗakin ne ya ga fuska a yashe shekara da shekaru, ya ara. Mai Burushi ba ya gardama. Ya dai ce ko wane ne, a wurin Yaya ya koyi riƙon aska.

Ya koma zuwa asibitin kullum da hantsi, ba wanda ya sa shi. Yakan zauna ƙarƙashin fostar, duk wanda ya tsaya kallo ya nuna masa na dama ya ce, wannan yayana ne, mai aski ne, lafiyarsa ƙalau. Wasu su saurara, wasu su ja da baya.

Wata safiya yana cikin wannan bayani tari ya sarƙe shi. Da ya ɗago, ga fararen takalma a gabansa. Ba ta gaishe shi ba. Ta zaro hankici fari daga aljihu, a ninke, ta miƙa masa.

“Baffa, rufe bakinka. Kai ka zana dokar.”

Ya karɓa da hannu biyu. Ta gyara wa fostar zama, don ta ɗan karkace ta gefen dama, ta koma bakin aikinta.